Gwajin jini, ruwan laka, hoton ƙwaƙwalwa ko gwajin gado: wanne za a yi wa dattijon da ya fara mantuwa?

Ranar da Gwaggo ta yi sallar azahar sau uku a jere, tana sallamewa tana tambaya ko an kira salla, ranar ce kan gidanmu ya rabu. Yayanmu da ke aiki a Ingila ya bugo waya ya ce a nemi inda ake gwajin tau, wani furotin na ƙwaƙwalwa, a jini, ko nawa ne zai turo. Ƙanwata, wadda ta yi jinyar kakarmu cikin irin wannan ruɗewa, hankalinta ya tafi ga gado, ta ce a gwada mu duka a san wanda zai bi sahu. Maƙwabta suka ce gigin tsufa ne, a ƙyale ta. Kuɗin da ke hannu kuwa ba zai ɗauki komai da komai ba. Iyalin da suka tsinci kansu a irin wannan tsaka mai wuya nake rubuta wa wannan.

Kafin a auna gwaje-gwajen, sai an san abin da suke nema. A 1906 wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya duba ƙwaƙwalwar wata majinyaciyarsa bayan rasuwarta, ya ga abu biyu: dunƙule-dunƙulen wani datti a tsakanin ƙwayoyin jijiya, da wasu zarurruka da suka cukurkuɗe a cikin ƙwayoyin. Wannan ciwon mantuwa shi ake kira cutar Alzheimer a yau. Dattin shi ne furotin ɗin da ake kira amiloid. Zarurrukan kuma, sai a 1986 aka tabbatar da cewa furotin ɗin tau ne, wanda aka gano a 1975 a jami'ar Princeton ta Amurka.

Tau ba baƙo ba ne a jiki, kowa na da shi. Aikinsa kamar na igiyar kaba ne a jikin danga: yana riƙe siraran bututun da kaya ke bi a cikin ƙwayar jijiya. Idan sinadarin fosfet ya manne masa fiye da kima sai ya saki bututun, ya nannaɗe da 'yan'uwansa, ƙwayar ta shaƙe ta mutu. A 1991 Heiko da Eva Braak suka nuna cewa ɓarnar na da hanyar da take bi a matakai 6. Tana farawa kusa da ma'ajiyar sabbin abubuwa, daga nan ta bazu. Shi ya sa Gwaggo ke iya lissafo kayan ɗakinta na aure har kwalla da tasa, amma ta manta ta ci tuwo minti goma da suka wuce. Amiloid yakan taru shekara 15 zuwa 20 mutum na harkokinsa lafiya lau. Yaɗuwar tau ce ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da ruɗewar da ake gani.

Ma'aunan da zan bi

Biyar ne. Wace tambaya gwajin ke amsawa? Nawa ne kuɗinsa, kuma ana samunsa a kusa? Wace wahala ko haɗari ke cikinsa? Har yaushe sakamakon zai yi amfani? Na biyar shi ne ya fi nauyi a wurina: idan sakamakon ya fito, akwai abin da zai canza a jinyar?

Ganin likita da gwaje-gwajen jini na yau da kullum

Mutane kan raina wannan don babu babbar na'ura a ciki. Likita zai zauna da majinyaci da wanda ke kwana da tashi da shi, ya tambayi yaushe abin ya fara, a hankali ko farat ɗaya, me ya fara lalacewa. Sai ya yi gwajin tunani na 'yan mintoci. A nan a kula: wasu gwaje-gwajen an tsara su ne don wanda ya yi boko, ana cewa ya zana agogo ko ya rubuta jimla. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe biro ba za ta faɗi ko lafiyarta ƙalau. Akwai waɗanda aka tsara don irin dattawanmu, kamar CSI-D da aka yi aiki da shi a Ibadan, da IDEA da aka gwada a Tanzaniya da Najeriya. Ku gaya wa likita tun farko idan majinyacin bai yi boko ba.

Jinin da za a ɗiba yana neman abubuwan da ke kwaikwayon ciwon mantuwa alhali suna da magani: ƙarancin bitamin B12, rashin aikin halittar maƙoƙo, suga, matsalar ƙoda ko hanta, tunjere, ƙanjamau. Ciwon damuwa da wasu magungunan barci su ma kan rikita dattijo. Wannan gwajin jini ba ya auna tau ko kaɗan. Amma shi ne mafi arha, haɗarinsa bai wuce sukar allura ba, kuma ana samunsa a asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano da na Shika, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kware da Maiduguri, haka ma manyan asibitocin Yamai da Maraɗi. Sakamakon na ɗan lokaci ne, a kan maimaita bayan wata shida ko shekara, kuma bambancin da ke tsakanin na farko da na biyu shi kansa hujja ce babba.

Hoton CT ko MRI

Hoton siffar ƙwaƙwalwa ne. Yana nuna ƙari, ruwan da ya taru, jinin da ya kwanta bayan faɗuwar da kowa ya manta da ita, da tabon ƙananan shanyewar jiki da hawan jini ya bari. Na ƙarshen nan ya fi shafar mu, ganin yadda hawan jini ya yi katutu a gidajenmu ba tare da an sani ba. MRI ya fi fito da motsewar ma'ajiyar tunani, amma ya fi CT tsada nesa ba kusa ba, kuma sai majinyaci ya kwanta shiru kusan rabin awa cikin ƙarar na'ura, abin da ruɗaɗɗen dattijo ba kasafai yake jurewa ba. CT 'yan mintoci ne. Babu ɗayansu da ke ganin tau ko amiloid. Sawun ɓarnar kawai suke nunawa.

Ruwan laka

Duk wanda ya ga lokacin sanƙarau ya san wannan: allura a ƙasan gadon baya, a ɗebi ruwa kaɗan. Ruwan yana kewaya ƙwaƙwalwa, don haka ana auna amiloid da tau a cikinsa kai tsaye. A cutar Alzheimer amiloid na raguwa a ruwan, tau mai fosfet na hauhawa. An shafe fiye da shekara 20 ana amfani da shi kuma amintacce ne ƙwarai. Ɗibar ruwan ba ta gagari likitocinmu ba, awon ne sai an tura waje cikin kwalba ta musamman da sanyi. Wasu kan yi ciwon kai na kwana biyu ko uku bayan an yi, kuma mai shan maganin tsinka jini sai an yi hattara da shi.

Hoton PET

Wannan ne kaɗai ke nuna tau a inda yake kwance alhali mutum na raye. Hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da sinadarin hoton amiloid a 2012, na tau mai suna Tauvid a 2020. A Amurka kuɗinsa kan kai dala 5,000 ko fiye. Sinadarin da ake allurarsa yana rasa rabin ƙarfinsa duk minti 110, saboda haka dole a haɗa shi kusa da inda za a ɗauki hoton. A wurinmu wannan na nufin biza, jirgi, masauki, da fitar da ruɗaɗɗen dattijo daga ɗakin da ya sani. Ban ga iyalin da zan ba shawarar su fara da shi ba.

Gwajin tau a jini

Wannan ne yayanmu ke nufi, kuma yana da gaskiyar ɗokinsa. Ana auna wani nau'in tau da ake kira p-tau217, wanda ke tsallakowa cikin jini idan cutar Alzheimer ta kama aiki. Wani bincike a Suwidin da aka wallafa a 2024, kan majinyata fiye da 1,200, ya nuna gwajin ya dace da gaskiya kusan kashi 90 cikin 100, alhali likitocin ƙananan asibitoci sun dace da kashi 61, ƙwararru kuma 73. A watan Mayun 2025 FDA ta amince da gwajin jini na farko irin wannan, Lumipulse na kamfanin Fujirebio, ga masu shekara 55 zuwa sama da suka riga suka nuna alamu. Farashin irin wannan gwajin a Amurka na kamawa daga ɗaruruwan daloli zuwa sama da dubu, gwargwadon kamfani, ban da kuɗin tura jinin.

Sai dai akwai abubuwa huɗu da mai talla ba zai yi saurin faɗa ba. Na farko, an tsayar da ma'auninsa ne galibi a kan Turawa. Na biyu, ciwon ƙoda na ɗaga adadin tau a jini ko da ƙwaƙwalwa lafiya take, ga shi masu hawan jini da suga da yawa ƙodarsu ta taɓu. Na uku, wani kaso na sakamakon kan faɗo a tsakiya, ba e ba a'a, sai an koma ga ruwan laka ko PET.

Na huɗu ya fi su girma. Ba duk ciwon tau ne Alzheimer ba, kuma gwajin Alzheimer kaɗai yake kamawa da kyau. Akwai ciwon da ke cin gaban ƙwaƙwalwa da gefenta, wanda kan kama mutum tsakanin shekara 45 da 65. Ba da mantuwa yake farawa ba. Magidanci mai kamun kai sai ya fara sakin baki a gaban surukai, ya daina tausayi, ya riƙa wawurar zaƙi, ko kalmomi su riƙa ɓace masa. Irin wannan a wurinmu sau da yawa aljanu ko sammu ake ɗora wa, a yi shekaru ana yawo. Akwai PSP, inda mutum ke yawan faɗuwa ta baya, idonsa ya kasa kallon ƙasa, har ya kasa ganin kwanon da ke gabansa. Akwai kuma wanda yawan duka a ka ke jawowa, wanda likita Bennet Omalu, haifaffen Najeriya, ya bayyana a ƙwaƙwalwar ɗan wasan ƙwallon Amurka a 2005. A duk waɗannan, jinin na iya fitowa lafiya alhali tau na cin ƙwaƙwalwar.

To idan ya tabbatar da Alzheimer fa, me zai canza? A ƙasashen da ke da sabbin allurai, abu mai yawa. Leqembi, da aka amince da shi gaba ɗaya a Yulin 2023, ya rage saurin lalacewa da kashi 27 cikin wata 18, a kan dala 26,500 a shekara. Kisunla ya biyo baya a Yulin 2024. Dukansu amiloid suke sharewa, ga masu matakin farko kawai, kuma sai ana bibiya da MRI saboda kumburi da ɗigar jini a ƙwaƙwalwa. Maganin da ke kai wa tau hari kai tsaye kuwa, babu wanda aka amince da shi tukuna. Magungunan da ke hannun likitocinmu, donepezil da memantine, ana iya fara su bisa binciken likita ba tare da wannan gwajin ba.

Gwajin gado

A nan ne na fi ganin ruɗani, domin mun saba da gwajin jini kafin aure, inda AS da AS ke da lissafi bayyananne. Gadon ciwon mantuwa iri biyu ne, kuma nisan da ke tsakaninsu kamar sama da ƙasa ne.

Iri na farko shi ne mai yanke hukunci. Canji a ɗaya daga ƙwayoyin gado uku, APP, PSEN1 ko PSEN2, yana kawo Alzheimer da wuri, sau da yawa kafin shekara 60, wani lokaci tun ana talatin da wani abu. Canji a MAPT, ƙwayar da ke ƙera tau ɗin kansa, wanda aka gano a 1998, yana kawo ciwon gaban ƙwaƙwalwa. GRN da C9orf72 ma na kawo shi, ta hanyar wani furotin daban. Kwafi ɗaya daga uwa ko uba ya isa, kowane ɗa na da rabi da rabi, don haka ba auren zumunci ke haifar da shi ba. Amma Alzheimer irin wannan bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Gidan da ke da shi ba ya ɓuya: kaka, uba, baffa, gwaggo, duk sun ruɗe suna da sauran ƙarfinsu.

Dangi mafi girma da aka sani da wannan suna yankin Antioquia a Kolombiya, inda marigayi likita Francisco Lopera ya bi su shekaru da dama. Masu ɗauke da canjin kan fara tangarɗa wajen shekara 44, su ruɗe wajen 49. A 2019 aka ba da labarin wata mata cikinsu da ta haura 70 kafin ta fara nuna alama. Ƙwaƙwalwarta cike take da amiloid, amma tau bai bazu ba, saboda wani canji na biyu da ta gada wanda ya zame mata garkuwa. Ban san hujjar da ta fi wannan nuna cewa tau ne mai aika-aikar ba.

Iri na biyu shi ne ƙwayar gadon APOE, wanda kamfanoni suka fi tallatawa. Nau'insa na huɗu, APOE4, da aka danganta da cutar a 1993, yana ƙara haɗari ne kawai. A Turawa kwafi ɗaya kan ninka shi kusan sau 3, kwafi biyu sau 8 zuwa 12. Da yawa masu shi sun tsufa da hankalinsu, da yawa marasa shi sun ruɗe. Ga kuma abin da ya shafe mu kai tsaye: tun farkon shekarun 1990 masu bincike irin su Benjamin Osuntokun, Adesola Ogunniyi da Hugh Hendrie suka riƙa kwatanta dattawan Yarbawa a Ibadan da baƙaƙen fatar Indianapolis ta Amurka. Sun tarar cutar ta fi ƙaranci a Ibadan, kuma tasirin APOE4 ya fi rauni sosai a can, duk da cewa nau'in ya yawaita a cikinsu. Wato lissafin da takardar sakamako za ta kawo daga Turai ba da awonmu aka ɗinka shi ba.

Ɗibar samfurin ba wahala, yawu ne ko jini kaɗan. APOE ba shi da tsada sosai, cikakken binciken ƙwayoyin iri na farko ya fi shi kuɗi. Sakamakon kuwa na har abada ne, kuma a nan haɗarin yake. Ba a mayar da sani. Ba na mutum ɗaya ba ne, ya shafi 'yan'uwa da 'ya'yan da ba a nemi izininsu ba. A garin da ake binciken asali kafin a ba da aure, magana ɗaya ta fita cewa gidan su wane akwai ruɗewa a jininsu, 'yan matan gidan ne za su ɗanɗana. Saboda haka ba a yi wa yara, ba a yi wa babba sai ya zauna da mai ba da shawara kafin da bayan gwajin.

| Gwaji | Abin da yake nunawa | Kuɗi da samuwa | Wahala da haɗari | Daɗewar sakamako |
|---|---|---|---|---|
| Likita da jini na yau da kullum | Irin ruɗewar, da sanadin da ke warkewa | Mafi arha, akwai a gida | Kusan babu | Watanni, a maimaita |
| CT ko MRI | Ƙari, jini, ruwa, tabon shanyewa | Matsakaici zuwa mai tsada, manyan birane | Kwanciya shiru, ɗan tururin hoto a CT | Shekara ɗaya ko biyu |
| Tau a jini | Alzheimer ce ko ba ita ba | Ɗaruruwan daloli zuwa sama, a tura waje | Ruɗin ƙoda, sakamakon tsakiya | Idan ya nuna akwai, ya zauna |
| Ruwan laka | Amiloid da tau kai tsaye | Mai tsada, awo a waje | Allurar baya, ciwon kai | Kamar na jini |
| PET | Wurin da tau ko amiloid yake | Dala 5,000 ko fiye, da tafiya | Wahalar tafiya, tururin hoto | Na tau yana canzawa da shekaru |
| APOE | Ƙarin haɗari kawai | Matsakaici, a tura waje | Fargaba da tsangwama | Har abada |
| APP, PSEN, MAPT da sauransu | Gado mai yanke hukunci | Mai tsada, a tura waje | Nauyi a kan dangi duka | Har abada |

Mu dai mun tsaya a layi biyu na farko na jadawalin. Hoton Gwaggo ya nuna tabon ƙananan shanyewa, jininta ya daɗe a sama ba wanda ya sani, ga kunnenta ɗaya ya toshe. Likita ya ce mai yiwuwa akwai Alzheimer a haɗe, domin a tsofaffi cututtukan kan zo tare. Kuɗin yayanmu ya tafi ga magani, na'urar awon jini, da yarinyar da ke zama da ita da rana. Ba ta warke ba, amma firgitar dare ta ragu, kuma yanzu jikarta na ajiye mata tsakuwa ɗaya a gefen darduma bayan kowace salla.

Wanne ya dace da wa

Dattijo mai shekara 70 ko fiye, mantuwa na shigowa a hankali, ga hawan jini ko suga: likita, jini na yau da kullum, CT idan hali ya yi. Ragowar kuɗin a sa a jinya.

Wanda ya ruɗe cikin kwanaki ko makonni, ko bayan faɗuwa, ko da zazzaɓi, ko tafiyarsa ta canza yana sakin fitsari: asibiti yau, hoto da gaggawa. Wannan ba maganar tau ba ce tukuna.

Mai shekara 55 zuwa 70 da alamu masu sauƙi, likita ya kasa rabewa, kuma sanin zai shafi aiki, wasiyya, riƙon dukiya ko neman sabbin allurai a waje: a nan gwajin tau a jini ya ci kuɗinsa, bayan an auna ƙoda. Idan ya faɗo a tsakiya, sai ruwan laka.

Magidancin da halinsa ko maganarsa ta canza kafin tunaninsa, ko mai yawan faɗuwa ta baya: likitan jijiya da MRI. Kada sakamako mai kyau na jini ya sa a koma gida a ce ba komai.

Gidan da mutum biyu ko uku a jere, iyaye da 'ya'ya, suka ruɗe kafin 60 ko 65: gwajin gado na iri na farko, a fara da majinyacin kansa, sannan kowane baligi ya zaɓa wa kansa ko yana son sani.

Wanda za a yi wa Leqembi ko Kisunla: APOE ya zama dole, domin masu kwafi biyu sun fi fuskantar kumburin ƙwaƙwalwa, har hukumomin Ingila da Tarayyar Turai suka cire su daga masu karɓar Leqembi.

Mai lafiya, irin ƙanwata, wanda kakarsa ta ruɗe bayan 80 kuma tsoro ya hana shi barci: babu ɗaya daga cikin gwaje-gwajen nan. Kwamitin mujallar Lancet a 2024 ya lissafa abubuwa 14 da ake iya gyarawa, waɗanda ke da hannu a kusan kashi 45 na ciwon mantuwa a duniya, ciki har da hawan jini, suga, kitsen jini, taba, raunin ji, raunin gani, bugun kai da zaman kaɗaici. Ya je a auna masa jini da suga, a duba kunne da ido, ya sa hular kwano idan zai hau babur.